Ziyarar Wuraren Tarihi a Masar: Tambayoyi da Amsoshi

Mutanenmu da yawa suna shiga Alƙahira, wani neman magani, wani karatu a Azhar, wani sarin kaya, wani kuma ya ya da zango ne a hanyarsa ta Umara. Galibinsu abin da suke gani na tarihin ƙasar bai wuce awa biyu a gindin dalar Giza ba, a hau raƙumi a ɗauki hoto a koma masauki. Amsoshin da ke ƙasa na wanda yake son ganin fiye da haka ne, musamman kudancin ƙasar, inda mafi yawan kaburburan sarakuna da gidajen bautarsu suke.

Sai da biza ake shiga? Waɗanne takardu zan tanada?

Mai fasfon Najeriya ko Nijar ya nemi bizarsa a ofishin jakadancin Masar tun kafin ya sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa. Sharuɗɗan sukan sauya, saboda haka ka ji su daga bakin ofishin da kansa, kada ka tsaya kan abin da dillali ya faɗa maka. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Katin rigakafin cutar shawara dole ne ga wanda ya taso daga ƙasashenmu, ana tambayarsa a filin jirgi. Ma'aurata su riƙe takardar shaidar aure, domin wasu otal-otal sukan nema kafin su ba da ɗaki ɗaya.

Daga Kano ko Abuja zuwa Alƙahira tafiyar awa huɗu zuwa biyar ce in jirgin bai tsaya ko'ina ba. Agogon Masar yana gaban namu da awa ɗaya, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba kuma da awa biyu.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga Oktoba zuwa farkon Afrilu. A Yuni da Yuli da Agusta zafin Luksor da Aswan yakan haura digiri 40 kusan kullum, kuma wuraren da za ka zaga fili ne na dutse da rairayi, ba inuwar bishiya. Wanda ya saba da zafin Sakkwato a Afrilu zai ce ai ba komai, amma a gida mutum yakan fake a zaure da tsakar rana, a can kuwa yawo ya kai shi. Tsakanin Maris da Mayu akwai iskar da suke kira hamsin, mai zafi da ƙura, wadda takan rufe gari na yini guda ko biyu.

Disamba da Janairu sun fi daɗin yawo, sai dai su ne lokacin cunkoso da tsadar masauki. Daren Alƙahira a waɗannan watanni yakan sauko ƙasa da digiri 10, don haka a tafi da rigar sanyi ta gaske. A watan azumi wuraren tarihi sukan rufe da wuri, amma tsohuwar Alƙahira bayan shan ruwa abin gani ce.

Kwana nawa za su ishe ni?

Kwana takwas ko tara: uku a Alƙahira, uku a Luksor, biyu ko uku a Aswan har da Abu Simbel. Idan biyar kawai kake da su, raba su tsakanin Alƙahira da Luksor, ka haƙura da sauran. Kamfanonin yawon buɗe ido suna son cusa wurare shida a yini ɗaya. Kada ka yarda. Bayan gidan bauta na uku ido yakan gaji, komai ya zama iri ɗaya. Wuri biyu da safe, hutu da rana, wuri ɗaya da la'asar, wannan shi ne tsarin da mutum zai dawo yana tuna abin da ya gani.

Me ake gani a Giza, kuma shiga cikin dala ya cancanci kuɗinsa?

Manyan dala uku ne, na sarki Khufu da ɗansa Khafre da jikansa Menkaure. Ta Khufu an gama ta wajen shekara ta 2560 kafin Miladiyya. Tsayinta na asali mita 146, yanzu ya koma kusan 138 saboda an kwashe farin dutsen da ya lulluɓe ta, an kuma rasa ƙololuwarta. An ƙiyasta tubalan da ke jikinta sun kai miliyan 2.3. A ƙasa da su akwai mutum-mutumin nan mai jikin zaki da kan mutum, wanda Misirawa ke kira Abul Haul, tsawonsa mita 73, an sassaƙa shi ne daga dutsen da ke wurin.

Shiga cikin ta Khufu tikiti ne daban. Za ka bi wani matsattsen rami a sunkuye, ka hau wani dogon zaure mai gangara, ka isa ɗakin sarki inda ba komai sai akwatin dutse wanda babu gawa a ciki. Bangon ba zane, ba rubutu, ga zafi da ƙarancin iska. Mai ciwon gwiwa, mai asma, da wanda matsatsi ke firgitawa su tsaya a waje, ba su yi asarar komai ba.

Wanda yake son ya ga cikin dala mai abin kallo ya tafi Sakkara, kimanin kilomita 20 kudu da Giza. A can dalar sarki Djoser mai hawa shida take, wadda bafadensa Imhotep ya tsara kusan shekara ɗari kafin ta Khufu, ita ce babban ginin dutse mafi tsufa a ƙasar. Kusa da ita akwai ƙaramar dalar Unas, daga waje kamar tarin duwatsu, amma bangon cikinta cike yake da rubutu daga sama har ƙasa. Kaburburan manyan fadawa irin su Mereruka da Ti suna nuna masunta da makiyaya da mahauta a bakin aikinsu, har da makiyayin da ya saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa yana ƙetare ruwa, uwar na biye da shi ta ɗaga kai. In da sauran lokaci a ƙarasa Dahshur, inda dalar Sneferu, mahaifin Khufu, guda biyu suke, kuma ba cunkoso.

Hawa jikin dala laifi ne a dokar ƙasar.

Gaskiya ne aljanu suka gina su? Wasu kuma sun ce rumbunan Annabi Yusuf ne.

Mutane ne suka gina su, kuma an samu shaidar hakan a ƙasa. A kudu da dalar Giza an tono unguwar ma'aikata, da wuraren gasa burodi, da tarin ƙasusuwan shanu da tumakin da aka yanka musu. A 1990 aka gano maƙabartarsu, har da waɗanda suka karye aka ɗora su suka warke. A 2013 kuma aka samu wasu takardu a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, na wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, yana lissafin yadda ayarinsa ke dakon farin dutse a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza a zamanin Khufu.

Zancen rumbu tsohon labari ne na matafiya. Dala kusan duk cikinta dutse ne, ɗakunan da ke ciki ba su da girman da za a zuba hatsin gari guda, balle na ƙasa.

Gidajen tarihi nawa ne a Alƙahira, wanne zan fara?

Uku ne manya. Sabon babban gidan tarihi da ke kusa da dalar Giza an buɗe shi gaba ɗaya a Nuwamba 2025. Nan ne kayan kabarin sarki Tutankhamun sama da 5,000 suke a wuri ɗaya, har da abin rufe fuskarsa na zinariya, da jirgin ruwan Khufu mai tsawon mita 43 wanda aka haƙo a gindin dalarsa a 1954. Daga shiga za ka yi karo da gunkin Ramsis na Biyu mai tsayin mita 11. Ka ba shi rabin yini aƙalla.

Tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, har yanzu yana da kayan zamanin masu dala da dukiyar kaburburan Tanis. Na ukun yana Fustat, kuma can ne gawawwakin sarakuna suke tun Afrilun 2021, lokacin da aka kai 22 daga cikinsu, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4.

A can ne gawar Fir'aunan Annabi Musa take?

Wannan ita ce tambayar da mutanenmu suka fi yi. Masu yi wa baƙi jagora sukan nuna gawar Ramsis na Biyu, wasu kuma ta ɗansa Merneptah, su ce ga shi nan. Alƙur'ani ya faɗi a Suratu Yunus cewa an tsirar da jikinsa domin ya zama aya, amma bai ambaci sunansa ba, kuma masana tarihi ba su haɗu a kan sarki ɗaya ba. Fir'auna laƙabin sarauta ne da sarakuna masu yawa suka riƙe. Ramsis na Biyu ya yi mulki shekara 66, daga 1279 zuwa 1213 kafin Miladiyya, ya mutu yana tsoho tukuf mai kimanin shekara 90. An kai gawarsa Faransa a 1976 domin a magance ruɓar da ta fara kama ta.

Ka shiga ka gani da idonka, amma kada ka dawo gida ka rantse wa mutane cewa ka ga wanda ya nutse. A lura kuma, tsakanin masu dalar Giza da Ramsis akwai fiye da shekara 1,200, ba zamani ɗaya ba ne. A ɗakin gawawwakin ba a ɗaukar hoto, ba a ɗaga murya.

Ya halatta Musulmi ya ziyarci irin waɗannan wurare?

Malamai sun yi magana ta fuska biyu. Wasu suna kafa hujja da ayoyin da suka yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Wasu kuma suna kawo hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbai shiga gidajen Samudawa a Hijr sai suna masu kuka. Hukumar fatawa ta Masar tana kan halaccin ziyarar domin ilimi da wa'aztuwa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malamin da ya amince da shi tun kafin ya biya kuɗin tafiya.

Sallah ba ta ba da wuya, kusan kowane babban wuri akwai masallaci ko ɗakin sallah kusa da ƙofar shiga.

Me ya sa ake ta nanata Luksor?

Saboda wanda ya ga Giza bai ga Luksor ba, girman ginin kawai ya gani, bai ga mutanen ba. Luksor, kimanin kilomita 650 kudu da Alƙahira, ita ce tsohuwar Tibis, cibiyar addinin ƙasar a lokacin da daular ta kai ƙololuwa. Kogin Nilu ya raba ta biyu: gabas inda rana ke fitowa aka gina manyan gidajen bauta, yamma inda take faɗuwa aka haƙa kaburbura.

A gabas akwai Karnak, wanda sarakuna suka yi ta ƙara masa gini har kusan shekara 2,000. A tsakiyarsa akwai zaure mai ginshiƙai 134, manyan na tsakiya sun kai mita 21. Ka je da ƙarfe shida ko bakwai na safe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso daga bakin teku, ka tsaya a gindin ginshiƙi ɗaya ka ɗaga kai. A ƙarƙashin duwatsun da aka gitta a sama, inda rana ba ta kaiwa, shuɗi da rawaya da ja na nan kamar jiya aka shafa, alhali sun haura shekara 3,000. A farfajiyar farko akwai ginshiƙi ɗaya tilo da ya rage na Taharka, ɗaya daga cikin sarakunan Kush da suka taso daga ƙasar Sudan ta yau suka mulki Masar.

Daga Karnak wata hanya mai tsawon kilomita 2.7, jere da gumaka dama da hagu, ta miƙe har gidan bautar Luksor. An sake buɗe ta a 2021. Wannan gidan bauta a bari sai magariba in an kunna fitilu. A cikinsa, sama da tsohon ginin, masallacin Abul Hajjaj yake, kuma har yau ana sallah a ciki. An gina shi ne a lokacin da ƙasa ta binne wurin, shi ya sa tsohuwar ƙofarsa take can sama a jikin bango. A bakin ƙofar gidan bautar dogon dutse mai tsini ɗaya ne ya rage, ɗan'uwansa yana tsaye a birnin Faris tun 1836.

A yamma, ban da Kwarin Sarakuna inda aka binne Fir'aunoni, akwai ginin sarauniya Hatshepsut mai hawa uku a gindin tsauni, wanda bangonsa ke ba da labarin ayarin fatauci da ta aika ƙasar Punt. Akwai Medinet Habu na Ramsis na Uku, wanda baƙi da yawa ke tsallakewa duk da launinsa ya fi na wurare da dama. Sai Deir el-Medina, ƙauyen masu haƙa da zana kaburburan sarakuna. Harsashin gidajensu na nan, ɗaki-ɗaki, da 'yan ƙananan kaburburan da suka ƙawata wa kansu. Su ne suka yi yajin aikin da ya fi kowane tsufa a rubuce, a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na Uku, da aka jinkirta musu hatsin albashi suka ajiye kayan aiki suka je suka zauna a gidajen bauta. A ganina wannan ƙauye bai kamata ya wuce kowa ba.

A Kwarin Sarakuna waɗanne kaburbura zan shiga?

An gano sama da 60, amma kaɗan ake buɗewa a lokaci guda, ana juya su domin numfashi da gumin jama'a suna lalata zanen. Tikitin shiga yana ba ka uku daga cikin waɗanda suke buɗe ranar. Na Ramsis na Uku da na Ramsis na Huɗu da na Merneptah zaɓi ne mai kyau in ka same su.

Wasu suna da tikitinsu daban. Na Ramsis na Shida, rufinsa kaɗai ya isa dalilin biyan ƙarin. Na Seti na Ɗaya, wanda aka gano a 1817, shi ne mafi kyawun aiki a kwarin kuma mafi tsada. Na Tutankhamun suna ne ya yi masa yawa: ƙarami ne, ɗaki ɗaya kawai aka yi wa zane. Ya hau mulki yana ɗan shekara tara, ya rasu bai kai ashirin ba, kuma abin da ya ɗaukaka shi shi ne wani Bature mai binciken kayan tarihi, Howard Carter, ya samu kabarinsa a Nuwamba 1922 kusan ba a taɓa kayan ciki ba. Kayan suna Alƙahira, gawarsa ce ke nan. In kuɗi sun yi kaɗan, ka zaɓi na Ramsis na Shida.

Masu jagora ba sa shiga cikin kabari da baƙi, a waje suke bayani. Kada ka taɓa bango, ko da mai gadi ya yi maka alamar ba komai.

Ta yaya ake zuwa kudu?

Jirgin sama daga Alƙahira zuwa Luksor kimanin awa ɗaya ne. Akwai jirgin ƙasa na dare mai gadon kwana, ka shiga bayan isha ka wayi gari a can, amma farashin baƙo ya bambanta da na ɗan ƙasa, wani lokaci ma ya kusa na jirgin sama.

Tsakanin Luksor da Aswan ana bin kogi a manyan jirage masu ɗakunan kwana, dare uku ko huɗu, ana tsayawa a Edfu da Kom Ombo. Na Edfu, wanda aka gina daga 237 zuwa 57 kafin Miladiyya, har rufinsa na nan, shi ne zai nuna maka yadda sauran suke kafin su rushe. A Kom Ombo akwai ɗakin busassun kadoji da yara ke so. Tafiyar kogin hutu ce ga dattawa da mai iyali. Sai dai a sani, a irin waɗannan jirage ana sayar da giya, akwai wurin wanka a sama inda baƙi ke kwanciya da kayan iyo. Wanda hakan zai dame shi ya ɗauki mota da direba, ya ga wuraren biyu a yini ɗaya.

Aswan da Abu Simbel sun cancanci wahalar?

Ƙwarai. Aswan gari ne mai natsuwa, ƙasar Nubiyawa, kogin ya fi kyau a nan fiye da ko'ina. A hau kwale-kwale mai filafilai da suke kira faluka da yamma, a je tsibirin da gidan bautar Fila yake, a ga dutsen nan mai tsini da ya tsage tun ana sassaƙa shi aka bar shi kwance a mahaƙa.

Abu Simbel yana kimanin kilomita 280 kudu da Aswan, dab da iyakar Sudan. Motoci sukan tashi tun wajen ƙarfe huɗu na asuba. Ramsis na Biyu ya sa aka fafe tsauni, aka zaunar da siffarsa guda huɗu a ƙofa, kowace kusan mita 20. Da aka fara gina babbar madatsar ruwan Aswan, wadda aka kammala a 1970, ruwa ya tashi cinye wurin. Daga 1964 zuwa 1968, ƙarƙashin jagorancin UNESCO, aka yayyanka ginin gunduwa-gunduwa aka sake haɗa shi mita 65 sama da inda yake. In ka matsa kusa za ka ga layin yankan a fuskokin. Sau biyu a shekara, 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba, hasken safiya yakan ratsa har ƙuryar ciki.

An ceci duwatsun, amma ƙauyukan Nubiyawa sun nutse, kimanin mutum 100,000 aka tasa a Masar da Sudan. Gidan tarihin Nubiya da ke Aswan yana ba da wannan labari, ya kamata a leƙa.

Ban da kayan Fir'aunoni fa?

Alƙahira kanta taska ce ta tarihin Musulunci. Masallacin Amr ɗan As a Fustat an kafa shi a 642, shi ne na farko a ƙasar. Na Ibn Tulun an gama shi a 879, yana da hasumiya mai matakala ta waje. Azhar an fara gina shi a 970. Ganuwar Salahuddin da ke kan tudu an soma ta a 1176. Titin Mu'izz kuwa a bi shi da ƙafa har kasuwar Khan al-Khalili.

Alaƙarmu da birnin tsohuwa ce. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka ɗauki nauyin wata makaranta a can saboda alhazai da ɗalibansu, daga baya kuma Barebari suka samu sashensu a Azhar. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, kuma a Alƙahira aka binne shi. A maƙabartar Ƙarafa akwai hubbaren Imam Shafi'i, da kabarin Ibnul Ƙasim almajirin Imam Malik.

Kiristoci za su so unguwar Kibɗawa, inda cocin Abu Serga yake, wurin da al'adarsu ta ce Maryamu da jaririnta sun fake. Iskandariya ana iya zuwa a dawo a yini ɗaya daga Alƙahira, akwai ganuwar Ƙaitbay ta 1477 da kabarin Busiri mai Burda. Dutsen da ake kira Jabal Musa a kudancin Sinai sai an ware masa kwana biyu, da dare ake hawansa.

Yaya batun kuɗi da masu damun baƙi?

Kuɗinsu fam ne, suna ce masa gine. Ka tafi da dalar Amurka ka canza a banki ko wurin canji mai lasisi, ban da kan titi. Manyan wuraren tarihi yanzu da kati ake sayen tikiti, saboda haka ka tabbatar katinka yana aiki a ƙasar waje tun kana gida. Ɗalibi mai katin ɗalibai na duniya yakan biya rabi.

Tukuici, wato bakshish, ya shiga jinin harkar: mai ɗaukar kaya, mai gadin kabari, mai tsaron bayan gida, kowa na sa rai. Albashinsu kaɗan ne, ka riƙe canji ka ba wanda ya yi maka aiki. Amma a Giza da bakin kogin Luksor akwai masu naci. Wani zai ɗora maka rawani ya ce kyauta ne, sannan ya nemi kuɗi. Mai raƙumi zai faɗi kuɗin hawa, in ka hau ya ce na sauka daban. Wani zai tare ka ya ce ƙofa a rufe take, bi ta nan, ya kai ka shagonsa. Ku yi ciniki ku gama kafin ka hau komai, a faɗi adadin, a faɗi cewa fam ɗin Masar ne, na mutum nawa, na minti nawa. In ba ka so, ka ce “la, shukran” sau ɗaya ka ci gaba da tafiya. A Alƙahira Uber da Careem suna raba ka da jayayya da direba.

Ba na jin Larabci sosai, zan iya?

Za ka iya. A wuraren baƙi ana jin Turanci. Wanda ya yi karatun Larabci za a gane shi, ko da yake shi zai ɗan sha wuya kafin kunnensa ya saba da karin harshensu. Sallama da ambaton cewa daga Najeriya kake sukan buɗe hira. Wani lokaci a kan titi baƙar fata yakan ji an jefe shi da kalma a kan launinsa, galibi daga yara da samari. Abin ba daɗi, kuma gara mutum ya san da shi tun kafin ya je. A Aswan da wuya ka gamu da haka.

Abinci da ruwa fa?

Nama halal ne, kuma abincin ba zai yi maka baƙunta sosai ba. Karkade zoɓo ne, mulukiya miyar lalo ce, ana kuma sayar da ruwan goruba da na rake. Koshari, haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyiyar albasa, shi ne mai arha da ƙosarwa. Da safe akwai ful, wato dafaffen wake, da ta'amiya, irin ƙosansu, da gurasarsu. Yaji ne ba su cika sa wa ba, mai so ya tafi da nasa.

Ruwan gora za ka sha, kuma da yawa, domin iskar a bushe take, gumi na bushewa ba ka sani ba. Kada a yi wanka a kogi ko magudanan gona saboda tsargiya.

Wace shiga ta dace, musamman ga mata?

Shigarmu ta gida ta wadatar. Mai hijabi ko abaya ba za ta ji ta fita daban ba. A samu yadi mara nauyi da takalmi rufaffe mai ƙwari, domin ƙasar tsakuwa ce da matakala. Mace ita kaɗai takan gamu da maganganun banza a cunkoso, don haka tafiya da muharrami ko cikin ayari ta fi kwanciyar hankali. A jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira akwai taragun mata zalla.

Mene ne zai iya jefa ni cikin matsala da hukuma?

Ɗaukar hoton soja, 'yan sanda, shingen bincike, gada ko ginin gwamnati. Shiga da ƙaramin jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto, za a ƙwace shi tun a filin jirgi. Magunguna irin su tiramadol da kodin, an ɗaure baƙi a kansu, saboda haka mai shan magani ya riƙe takardar likita ya bar shi cikin kwalinsa. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba. Ɗaukar ko da ɓallin tukwane daga wurin tarihi laifi ne babba, haka sayen abin da aka ce maka tsohon gaske ne: in jabu ne an cuce ka, in na gaske ne ka shiga hannu. Arewacin Sinai da yankunan iyakar Libiya ba wurin zuwan baƙo ba ne. Ka yi rajistar layin waya da fasfonka a filin jirgi, ka riƙe kwafin fasfo da biza a aljihu, ka adana lambar ofishin jakadancin ƙasarku da ke Alƙahira.